Gidan Karnukan Orlando da Ya Daina Rubuta Iri a Ƙofar Keji

A watan Fabrairun 2014 hukumar kula da dabbobi ta gundumar Orange, a jihar Florida ta Amurka, ta yi wani sauyi da mai wucewa ba zai ma lura da shi ba. A gidan da take ajiye karnuka a birnin Orlando, kowane keji na da kati a ƙofa mai ɗauke da bayanin karen da ke ciki, har da irinsa. Wannan layi na iri shi aka goge, daga katin da kuma shafinsu na intanet inda ake saka hotunan karnukan da ke neman mai riƙo. Ma'aikata sun ci gaba da rubuta hasashensu a kwamfutar ofis, amma mai zuwa neman kare ya daina ganin "ruwa-biyun Labrador" ko "ruwa-biyun pit bull" a gabansa. Sai dai ya tsaya ya dubi karen.

A 2016 masu bincike uku, Lisa Gunter da Rebecca Barber da Clive Wynne, suka fitar da sakamakon aikin da suka yi ƙarƙashin Jami'ar Jihar Arizona. Sun ɗauki bayanan karnuka fiye da 17,000 da suka ratsa gidan, suka kwatanta shekarar da ta gabaci sauyin da wadda ta biyo bayansa. Cikin karnukan da ake lissafawa a dangin pit bull, wato masu faɗin kai da gajeren gashi da mutane ke ɗari-ɗari da su, kashi 52 cikin 100 ne ke samun mai ɗauka lokacin da sunan iri ke kan kati. Da aka goge, sai ya hau zuwa kashi 64, waɗanda ake yi wa allurar mutuwa kuma suka ragu da kusan wannan gwargwado. Sauran karnukan ma ba a kwashe musu kasuwa ba, su ma ɗaukarsu ta ƙaru.

Gidan da ba ya cewa ya cika

Gidan Orlando na gwamnatin gunduma ne, irin waɗanda ƙa'ida ta hana su mayar da kare. Wanda jami'ai suka tsinta a titi, wanda mai shi ya kawo don zai koma gidan hayar da ba a yarda da kare ba, wanda aka ƙwace daga hannun mai azabtar da shi, duk nan suke sauka. Ƙungiyar sa-kai tana iya zaɓen wanda za ta karɓa, gidan gwamnati kuwa ba shi da wannan dama. Ga shi keji ƙidayayye ne. In shigowa ta fi fita, dole wani kare ya ba da wuri, kuma allura ce hanyar ba da wurin. Don haka kowane kwana da kare ya ƙara a keji yana rage masa rabo, ya kuma rage wa wanda motar jami'ai ke kawowa gobe.

A shekarun 1970 ana ƙiyasta karnuka da maguna fiye da miliyan 10 ake kashewa duk shekara a irin waɗannan gidaje a Amurka. Yaɗuwar dandaƙa da cire mahaifa, da kiran da ake yi wa mutane su ɗauki na gidan ajiya maimakon saye, sun sauko da adadin ƙwarai da gaske. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta ASPCA ta ƙiyasta miliyan 2.6 a 2011, sannan kimanin 920,000 a 2019, daga ciki karnuka 390,000 cikin kusan miliyan 3.1 da ke shiga duk shekara a lokacin. Ƙananan karnuka masu laushin gashi ba sa daɗewa, wani lokaci har layi ake yi musu. Masu kwantai su ne manya masu faɗin kai da gajeren gashi, waɗanda alƙalami ke saurin rubuta wa pit bull.

Wa ke rubuta katin?

Kare ya zo daga titi babu takarda, ba wanda ya ga uwarsa balle ubansa. Ma'aikacin karɓa zai dube shi na 'yan mintoci, manhajar ofis kuma tana da gurbin iri da ke jiran a cika. In baƙi ne mai kunnuwa a faɗe, a rubuta Labrador. In kunnuwa a tsaye suke da duhun baya, a rubuta Alsatian. In kai ya yi faɗi, ƙirji ya buɗe, gashi ya kwanta, a rubuta pit bull, a wuce ga na gaba.

Shi kansa pit bull ɗin ba iri guda ba ne. Suna ne da ake yafa wa karnuka da dama, kamar American Pit Bull Terrier da American Staffordshire Terrier da Staffordshire Bull Terrier, da duk wanda ya ɗauko kamanninsu. Asalinsu Ingila ne, daga karnukan da ake sa su faɗa da bijimai har aka haramta wasan a 1835, daga nan masu caca suka koma haɗa kare da kare. Wannan tarihi, da labaran cizo da suka cika jaridun Amurka a shekarun 1980, su suka sa sunan ya yi nauyi. Gundumar Miami-Dade, a Floridar nan dai, ta haramta riƙe su a 1989, shekarar da birnin Denver ma ya yi haka. Birtaniya ta bi da dokarta a 1991. Masu gidajen haya da kamfanonin inshora da yawa suna da jerin irin karnukan da ba sa karɓa, kuma pit bull ba ya rasa wuri a jerin. Ke nan kalma biyun da ma'aikaci ya rubuta cikin gaggawa suna iya hana kare gida ko da mai neman ya so shi.

To, wane irin daidai hasashen ke yi? A 2015 tawagar Julie Levy ta Jami'ar Florida ta gwada ma'aikata 16, har da likitocin dabbobi 4, a gidajen ajiya 4 na jihar. Aka nuna musu karnuka 120. Fiye da rabinsu ma'aikatan suka ce dangin pit bull ne, gwajin DNA kuwa ya samu wannan jini a 25 kacal. Gwajin ma yana da nasa giɓin, na kamfani ne, kuma ba kowane iri ke cikin ma'ajiyarsa ba. Amma akwai abin da bai dogara da gwajin ba: ma'aikatan gida ɗaya, suna duban kare ɗaya, sukan saɓa wa juna. A 2018 su Gunter suka sake wani aiki da karnuka 919 a Phoenix da San Diego. Suka samu jinin iri 125 a cikinsu, tsantsar iri ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba, yawancinsu kuma haɗin iri kusan uku ne. A San Diego ma'aikata sukan dace da iri ɗaya daga cikin haɗin a kashi biyu cikin uku na karnukan, amma da aka ce su faɗi na farko da na biyu tare, sau ɗaya cikin goma suka dace.

Wannan ba sakacin ma'aikata ba ne, haka halittar take. Kamannin kare a hannun ƙwayoyin gado 'yan kaɗan suke. Tawagar Elaine Ostrander a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta nuna a 2007 cewa ƙwaya guda mai suna IGF1 tana da babban hannu a ƙanƙantar jikin kare. A 2009 kuma suka nuna ƙwayoyi uku ne ke raba yawancin nau'o'in gashi, dogo da gajere, murɗaɗɗe da miƙaƙƙe, mai gemu da marar gemu. Gajeren gashi yana danne dogo idan sun haɗu. Saboda haka in aka cakuɗa iri uku ko huɗu, sau da yawa matsakaicin kare mai kwantaccen gashi ne ke fitowa, kuma da zarar kansa ya ɗan yi faɗi, shi ke nan ya samu suna. Tun a 1965 John Paul Scott da John Fuller suka nuna irin wannan a jihar Maine, inda suka haɗa Basenji, karen farautar yankin Kongo, da Cocker Spaniel mai dogayen kunnuwa da yalwar gashi. 'Ya'yan farko ba su ɗauko kamannin ko ɗaya sak ba, jikoki kuwa suka fito kala-kala kamar ba kakanninsu ɗaya ba. Dillali a kara zai hango sa ya ce wannan Bunaji ne, wancan Bokoloji, kuma da wuya ya kuskure, don garkunan da suka fito sun daɗe suna barbara a tsakaninsu. Kawo masa jikan da ya haɗa jinin Bunaji da Rahaji da Bokoloji da na shanun madarar Turawa, sai dai ya yi maka kirdado. A gidan karnuka kuwa kusan duk wanda ke keji irin wannan jikan ne.

Abin da sunan ke yi wa idon mai nema

Kafin su kai ga bayanan Orlando, su Gunter sun yi wani gwaji a wani gidan ajiya a Arizona da ya fi komai fito da lamarin fili. Sun zaɓi karnuka 15 da aka rubuta wa pit bull, kowanne suka nemo masa takwara mai kama da shi a girma da launi da ƙirar kai, wanda aka rubuta wa wani suna daban. Masu sunan pit bull sun yi kimanin kwana 42 kafin a ɗauke su, takwarorinsu kimanin 13. Da aka nuna wa masu neman kare hotunansu ba suna, ba su fifita wani rukuni a kan wani ba. Aka koma ga bidiyo. In babu suna, waɗanda ake kira pit bull ɗin ma suka fi burge masu kallo. Da aka manna sunan sai abin ya juye.

Sakamakon Orlando shi kaɗai ba zai ɗauki nauyin hujjar duka ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba. Kwatanta shekara da shekara ne a gida guda, kuma cikin shekara abubuwa da yawa kan canza, daga talla zuwa lokutan buɗewa zuwa yanayin tattalin arziki. Ƙaruwar da aka gani a sauran karnuka tana iya nufin goge sunan ya amfani kowa, tana kuma iya nufin gidan ya gyara wasu abubuwan a lokaci guda. Amma idan aka ajiye shi kusa da gwajin Arizona, inda sunan ne kaɗai abin da aka canza, sai a ga duk hanya ɗaya suka nufa. Gidajen ajiya da dama a Amurka sun bi wannan sawu a shekarun da suka biyo.

Me mai ɗauka ya samu?

Masu tallar karnukan gidan ajiya suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, wai barbarar yanyawa ba ya ciwo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an yi mata gishiri.

Gaskiyar da ke ciki ta samo asali ne daga yadda aka ƙera tsantsar iri. An kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila a 1873, ta Amurka a 1884, kuma a hankali aka rufe littattafan asali, ya zama ba a yi wa kare rajista sai uwarsa da ubansa suna ciki. Iri da yawa daga kakanni 'yan ƙalilan suka taso, sannan duk namijin da ya ci gasa kowa shi yake so ya yi wa karyarsa barbara. A 2021 Danika Bannasch ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta auna iri 227, ta samu matsakaicin kusancin jininsu ya kai kusan kashi 25 cikin 100, daidai da abin da ake samu idan wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya suka haihu. Akwai cututtukan gado da ba sa bayyana sai kare ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, kuma a irin wannan rufaffen gida haɗuwar ba ta da wuya. Cavalier King Charles Spaniel ya yi ƙaurin suna da ciwon zuciya da wata larurar ƙwaƙwalwa da laka mai raɗaɗi, har kotun ƙolin Norway ta tabbatar a watan Oktoban 2023 cewa ci gaba da kiwon tsantsarsa ya saɓa wa dokar jin daɗin dabbobi ta ƙasar. French Bulldog, wanda a 2022 ya ture Labrador daga matsayin kare mafi farin jini a rajistar Amurka bayan shekara 31, yana fama da numfashi saboda shafaffen hanci, kuma wani bincike a Birtaniya ya samu fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsu sai da tiyata. Wannan kare ne da ake saye da dubban daloli.

Gishirin kuwa ya bayyana da aka duba bayanan asibiti. A 2013 masu bincike a Davis suka tattara bayanan karnuka 27,254, suka duba cututtukan gado 24. Goma sun fi yawa a tsantsar iri, ɗaya, wato tsinkewar jijiyar gwiwa, ta fi yawa a ruwa-biyu, 13 kuwa babu bambanci, har da gocewar ƙugu da wasu nau'o'in kansa. Kan tsawon rai ma bakin masana bai zo ɗaya ba. Wani bincike na 2013 a Ingila ya ce ruwa-biyu sun fi da shekara 1.2. Wani na 2024 da ya duba karnuka fiye da 580,000 a Birtaniya ya samu akasin haka, tsantsar iri shekara 12.7, ruwa-biyu 12.0. Abin da ya fi fitowa fili a na biyun shi ne girman jiki da ƙirar fuska: ƙananan karnuka masu dogon hanci sun kai kimanin shekara 13.3, matsakaita masu shafaffen hanci kuwa tara da 'yan kai. A ganina ribar lafiyar da ke cikin ruwa-biyu ita ce kauce wa ƙirar da aka wuce gona da iri a kanta, da raguwar haɗuwar ƙwayar cuta daga ɓangarori biyu. Riba ce ta gaske, amma ba ta hana zuwa wurin likitan dabbobi, kuma duk gidan ajiyar da ya yi wa mutum alkawarin kare marar ciwo ya faɗi abin da ba shi da iko a kai.

Babbar ribar tana wajen hali, kuma ita ce ba a cika tallatawa ba. Mai sayen ɗan kwikwiyo ɗan wata biyu saboda sunan irinsa, alkawari ya saya. A 2022 Kathleen Morrill da Elinor Karlsson suka fitar da bincike a mujallar Science, daga amsoshin masu karnuka 18,385 da DNA na karnuka 2,155. Iri ya bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Wasu ɗabi'u suna bin iri zuwa wani gwargwado, kamar saurin bin umarni a Border Collie ko yawan kuka a Beagle. Amma saurin harzuƙa idan an tsorata kare ko an takura shi, wanda shi ne abin da mai iyali ya fi damuwa da shi, kusan iri bai faɗi komai a kansa ba. Masu karnukan ne suka ba da amsa, kuma kowa nasa yake yabo, wannan a riƙe shi. Duk da haka, yawancin karnukan gidan ajiya sun riga sun girma. Girmansu ya tsaya, an ga yadda suke yi da baƙo da sauran karnuka, an san mai haƙuri da mai zumuɗi. In an yi sa'a karen ya zauna wurin masu riƙon ƙwarya, wato iyalan da ke karɓar kare na 'yan makonni kafin a samu mai ɗauka na dindindin, to akwai wanda zai iya cewa ga yadda yake yi da yara, ga yadda yake yi in an bar shi shi kaɗai. Takardar asali ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin wannan.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Dokar Florida ta wajabta a dandaƙe ko a cire mahaifar duk karen da aka ɗauka daga gidan ajiya. Galibi kuma kare kan fita da rigakafi, da ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, da gwajin tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, wadda ta yi katutu a jihohin kudu masu zafi da danshi. Kuɗin ɗauka a gidajen gwamnati sau da yawa bai kai abin da mutum zai biya likita don waɗannan ayyuka kaɗai ba.

Masu suka, da inda suke da gaskiya

Ba kowa ya yi maraba da abin da Orlando ta yi ba. Masu suka sun ce ɓoye bayani ne don a rabu da kaya, kuma mai yara a gida yana da haƙƙin sanin abin da zai shigo da shi. Amsar da ake ba su ita ce abin da aka goge ba sani ba ne, kirdado ne, kuma duk wanda ya tambayi ma'aikaci ra'ayinsa ba a rufe masa baki ba. Na yarda da wannan amsa, amma tana da sharaɗi, kuma ba duk gidajen da suka goge sunan iri ne suka cika sharaɗin ba.

A 2017 a Virginia Beach, wani kare da aka ɗauko daga wata ƙungiyar ceto ya far wa wata tsohuwa mai shekara 90 sa'o'i kaɗan bayan an kawo shi gida, ta rasu. Daga baya aka gano ya taɓa cizo. A 2018 jihar Virginia ta yi dokar da ta tilasta wa gidajen ajiya da ƙungiyoyi su faɗa wa mai ɗauka tarihin cizon kare, Kalifoniya ma ta yi irinta a 2019. Abin kunya ne a ce sai da doka. Gidan da ake auna nasararsa da yawan karnukan da suka fita da rai yana cikin jarrabawar rufa wa kare asiri, kuma goge iri tare da goge tarihin cizo ha'inci ne tsagwaro. In za a cire layi ɗaya daga kati, wajibi ne a cika sauran da gaskiya: nauyinsa nawa, daga ina ya zo, ya taɓa cizo ko bai taɓa ba, an taɓa ɗaukarsa aka dawo da shi, kuma me ya sa. Nauyi musamman. Ko da iri bai faɗi wanda zai yi cizo ba, kare mai kilo 35 in ya ciji yaro ba ɗaya yake da mai kilo 4 ba.

Gwaje-gwajen halin da ake yi a keji ma kada a ɗauke su yankan wuƙa. Akwai wanda ake sa hannun roba a kwanon kare yana cin abinci a ga ko zai kai cizo. Karen da ya kwana uku cikin haushin ɗaruruwan karnuka da warin maganin wanke ƙasa ba a hayyacinsa yake ba. A 2016 Gary Patronek da Janis Bradley suka yi lissafi suka ce irin waɗannan gwaje-gwaje ba su fi jefa kwabo ba wajen gano karen da zai ba da matsala a gida. Bradley tana aiki da cibiyar da aka sani da adawa da dokokin haramta iri, don haka tana da ɓangare, amma lissafin nasu ya sa gidaje da yawa sun rage dogaro da gwajin rana ɗaya, sun koma ga tarihin kare da abin da aka gani a zamansa na yau da kullum.

Doka ma ta ɗan motsa. Masu zaɓe a Denver sun soke haramcinsu a 2020, kuma daga 1 ga Oktoban 2023 dokar Florida ta hana ƙananan hukumomi da hukumomin gidajen haya na gwamnati ware kare saboda iri ko girma, abin da ya kawo ƙarshen haramcin Miami-Dade. Amma ba ta shafi mai gidan haya mai zaman kansa ko kamfanin inshora ba, su har yanzu da ido suke hukunci. Ingila da Wales kuwa gaba suka ƙara, daga Fabrairun 2024 laifi ne riƙe XL Bully, wani ƙaton kare na dangin pit bull, ba takardar izini, kuma da kamanni da awon jiki ake gane shi, ba da gwajin jini ba.

A wajenmu

Gidan ajiya irin na Orlando ba abu ne da aka saba da shi a garuruwanmu ba, kuma mafi yawanmu karen gadi ko na farauta ko na kiwo muke riƙewa, a waje yake kwana. Amma cinikin suna muna yinsa. Mai neman karen gadi a Kaduna ko Jos ko Abuja zai biya maƙudan kuɗi don an ce masa ɗan kwikwiyon nan Alsatian ne ko Rottweiler ko Caucasian, alhali bai ga uwar ba, kuma a wata biyu kusan duk ɗan kwikwiyo mai duhun baya Alsatian ne a bakin mai sayarwa. In ma ya dace da na gasken, Caucasian kare ne na duwatsu masu ƙanƙara, da tarin gashinsa zai shiga zafin Afrilu.

Karen gida da ake rainawa kuwa galibi ba haɗin irin Turawa ba ne ma. A 2009 Adam Boyko ya ɗebi jinin karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya, ya samu yawancinsu tsatso ne mai zaman kansa, mai yalwar bambancin ƙwayoyin gado, wanda bai bi ta littafin asalin kowa ba. Dogon siririn karen nan na Buzaye da sauran makiyayan kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, a 2019 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista da sunan Azawakh, ya zama kare mai tsada a can.

Takardar da ta fi cancanta a nema a hannun mai ba da kare a nan ita ce katin rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma yara suna da yawa a ciki. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar farko yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana cikin masu haɗa ta a Najeriya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga ko karen zai haukace.